DARASI: Barkwanci A Cikin Talla, Da Abin Da Nonon Indiya Zai Koya Wa Falken Shanu

 

Waɗanda suka halarci zamanmu na ƙarshe sun ji maganar da aka tayar, watau ƙungiya ta buɗe wurin tara nono a nan Maga, a riƙa saye daga hannun matan ruga ana kaiwa Marwa, sa'an nan a kafa allon talla a bakin hanya, a kuma sayi lokaci a gidan rediyo. Ana cikin haka sai wani daga cikin samarinmu ya zaro wayarsa ya nuna wa dattawa zanen wata 'yar yarinya ta ƙasar Indiya da ake tallan man shanu da ita, ya ce kamfanin nan da ban dariya ya ci kasuwa, don haka mu ma mu sa a zana mana 'yar Fillo da ƙwarya, a riƙa ba mutane dariya da ita. Wasu suka ce madalla, wasu suka ce a'a, muka tashi ba a yanke ba. To, tun da kuɗin da za a kashe na asusun kowa ne, kuma sunan da za a liƙa a allon namu ne duka, sai muka ga ya kamata mu bi diddigin al'amarin mu kawo shi a wannan fili. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

ASALIN KAMFANIN

Sunan kamfanin Amul, kuma abu na farko da ya kamata mu sani shi ne ba na wani attajiri ba ne, na masu tatsa ne. Yana garin Anand, cikin jihar Gujarat, yammacin Indiya. Kafin 1946 masu shanu na gundumar Kaira ba su da inda za su kai nononsu sai wani kamfani mai suna Polson, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ba izinin tara madarar da ake kaiwa birnin Bombai. Shi da 'yan kamashonsa su ke yanka farashi, in ka ƙi, nononka ya lalace a hannunka. Kun ga wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Manoman suka kai kuka wurin Sardar Vallabhbhai Patel, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin kai, ya ba su shawara su kafa ƙungiyar gama kai, in an hana su kuwa su daina sayarwa. Haka aka yi, suka riƙe nononsu kwana 15, Bombai ta shiga wani hali, gwamnati ta sauko. Aka yi wa ƙungiyar rajista a watan Disamba na 1946, da Tribhuvandas Patel a matsayin shugaba.

Da ƙauyuka biyu suka soma, da madarar da ba ta cika lita 250 a rana ba. A 1949 wani matashin injiniya, Verghese Kurien, ya zo Anand, daga baya ya zama shi ne ƙashin bayan aikin. A 1955 abokin aikinsa H. M. Dalaya ya gano yadda za a busar da nonon ɓaunar gida ya zama gari, abin da masanan Turai suka ce ba zai yiwu ba. Ita wannan ɓauna ba irin ta dajin Benuwai ba ce, ta kiwo ce, baƙa, mai son ruwa, nononta ya fi na saniya maiƙo, kuma babban kaso na madarar Indiya daga gare ta yake fitowa.

Tsarinsu hawa uku ne. A ƙauye akwai ƙaramar ƙungiya da ke karɓar madara safe da yamma, ko da lita ɗaya ce, a auna yawanta, a gwada maiƙonta, a biya mutum gwargwadon maiƙon, saboda haka wanda ya ƙara ruwa kansa ya cuta. A gunduma akwai masana'anta, da likitocin dabbobi, da wurin haɗa dusa. A jiha kuma akwai hukumar da aka kafa a 1973 mai kula da sayarwa da talla. Yau masu kawo wa Amul madara sun kai mutum miliyan 3 da dubu 600, a ƙungiyoyin ƙauye fiye da 18,000, kuma da yawansu mata ne masu saniya biyu ko uku.

Akwai wata hikima da muke so ku kula da ita. A 1964 Firayim Minista Lal Bahadur Shastri ya ziyarci Anand ya ga abin da idonsa, a 1965 aka kafa hukumar bunƙasa madara ta ƙasa, a 1970 aka soma babban shirin da suka kira Operation Flood, watau ambaliyar madara, wanda ya ci gaba har 1996. A lokacin ƙasashen Turai suna da rarar garin madara da mai, suka ba Indiya gudummawa. Da an raba shi kyauta, da farashin nonon gida ya faɗi, mai tatsa ya daina. Maimakon haka sai aka sayar da shi a birane, aka ɗauki kuɗin aka gina wuraren tara madara a ƙauyuka. Ya zuwa 1998 Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya, yanzu tana samar da fiye da tan miliyan 230 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na madarar duniya baki ɗaya.

ITA YARINYAR FA?

Ku lura da lissafin shekaru. An kafa ƙungiya a 1946, yarinyar talla ba ta zo ba sai 1966. Shekara 20 ke nan ana tara madara, ana biyan mutane a kan kari, kafin a soma wasa. Wani mai sana'ar talla, Sylvester daCunha, da mai zane Eustace Fernandes su suka ƙirƙiro ta: 'yar dagwas, mai manyan idanu da shuɗin gashi da riga mai ɗigo-ɗigo ja, sau da yawa riƙe da yankan burodi da man shanu. Da farko da hannu ake zana ta a manyan alluna a titunan Bombai. Dabararsu ita ce duk abin da ya faru a gari, zaɓe ne, ƙwallon kurket ne, sabon fim ne, tsadar kaya ce, sai a fito da sabon zane da 'yar gajeriyar magana mai harshen damo, wadda za ta taɓa labarin kuma ta dawo kan man shanu. Kurien ya sakar wa masu tallan mara, ba sai sun jira sa hannunsa ba, don labari in ya kwana ya huce. An yi kusan shekara 60 ana wannan. Kurien ya rasu a 2012, daCunha a 2023, yarinyar tana nan ba ta tsufa ba.

To amma daɗin maganarta a ina yake? A cikin cakuɗa harshen Hindi da Turanci yake, a juya kalma ɗaya ta ba da ma'ana biyu. Sai wanda ya ji harsunan biyu, kuma ya san labarin da ake magana a kai, shi zai yi dariya. Wanda bai sani ba, zane kawai zai gani. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san wannan. Faɗa da soyayya da kuka kowa yana ganewa ko bai ji yaren ba, amma in ɗan barkwancinsu ya fito yana zuba, sai ka ga 'yan kallo sun yi tsit. Shi ya sa masu fassara su da Hausa a Kano suke ajiye barkwancin asali su saka namu a bakinsa.

ME SUKE FITARWA WAJE?

Mutum zai ɗauka ƙasar da ta fi kowa madara ita ta fi kowa sayarwa waje. Ba haka ba ne. Mutanenta sun haura biliyan 1 da miliyan 400, kuma mashaya shayi da madara ne, maciya kindirmo da man shanu, saboda haka kusan duka a gida ake shanyewa. Abin da ke fita kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na New Zealand ko na Tarayyar Turai. Mafi yawansa soyayyen man shanu ne da suke kira gi, wanda bai da maraba da namu na kwalba, da ɗanyen man shanu, sai garin madara. Manyan masu saye kuwa ƙasashen Larabawa ne irin su Daular Larabawa da Saudiyya, sai Amurka da maƙwabta. Wanda ya je aikin hajji ko umara ya shiga kanti zai iya cin karo da gwangwaninsa. In kun duba, duk wuraren nan cike suke da Indiyawa 'yan ci-rani, waɗanda suka tashi da ganin yarinyar nan tun suna yara. Wanda kuma ba Ba'indiye ba ne, in ya saya, ɗanɗano da farashi suka ja shi.

Akwai wani abin mamaki. A 2024 Amul ta soma sayar da ɗanyar madara a Amurka, amma ko ɗigo ba a ɗauko daga Indiya ba. Sun yi yarjejeniya ne da wata ƙungiyar masu shanu ta jihar Michigan, a tatsi shanun can, a zuba a mazubi mai sunan Amul. A 2025 suka yi irin wannan da wata ƙungiyar gama kai a Sifen. Ashe abin da ya tsallaka teku suna ne da amana. Wannan kowane dillali ya san shi: akwai mutumin da in ya buga waya daga Adumri ya ce bijimin nan lafiyayye ne, a Mubi za a tura kuɗi ba a gani ba.

Kazalika suna tsare ƙofarsu. Harajin da suke ɗora wa garin madarar waje yana kai kashi 60 cikin 100. A watan Nuwamba na 2019 Indiya ta janye daga wata babbar yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen Asiya, kuma tsoron kwararowar madarar New Zealand da Ostareliya yana cikin manyan dalilai. Mu gwada da maƙwabtanmu: a ƙasashen ECOWAS garin madara na babban buhu kashi 5 cikin 100 kawai yake biya.

DARIYAR DA TA JAWO ASARA

Ga misalin da yawancinmu muka shaida. A watan Satumba na 2005 wata jarida a ƙasar Denmark ta buga zane-zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A wurin masu jaridar wai raha ce da 'yancin faɗar albarkacin baki. A farkon 2006 jama'a a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa suka ƙaurace wa kayan Denmark. Wa ya fi jin jiki? Kamfanin madara na Arla, mai madarar Dano da muke gani a kasuwannin Nijeriya, wanda shi ma ƙungiyar makiyaya ce, kuma ba shi ya yi zanen ba. Cikin 'yan makonni cinikinsa a yankin ya kusa tsayawa cik, har ya dakatar da aiki a masana'antarsa ta Riyad na wani lokaci. Kasuwar da aka yi shekaru masu yawa ana ginawa ta girgiza saboda abin da wasu suka ɗauka abin dariya ne.

Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren. Mabiya addinin Hindu suna girmama saniya, yawancin jihohin Indiya sun hana yanka ta, naman da ƙasar take fitarwa waje da yawa na ɓauna ne. Irin rahar da muke yi a kara, a ce wa tsohuwar saniya mahauci yana gaishe ki, in ka rubuta ta a allo a can sai an nemi kanka. Kowane gida da abin da ba a taɓa masa.

NAMU BARKWANCIN YANA DA DOKA

Mu ba baƙin wasa ba ne. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na ƙabila da ƙabila: Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa, maƙera da Buzaye. A Jamhuriyar Nijar har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma ku duba sharuɗɗansa. An san wa ke wasa da wa. Ana yi ne ido da ido. Wanda aka taɓa yana da damar ramawa nan take. Kuma ba a yi a gaban suruki, ba a taɓa uwa, ba a taɓa addini.

Mun taɓa ganin abin da rashin sanin wannan ya jawo, a kasuwar Pus, shekarun baya. Wani dattijon dillali daga cikinmu, Babarbare, ya tari wani Bafillace da ya kawo shanu, ya ce masa, "Kai bawana, wannan akuyar ce ka sa wa ƙaho ka ce bijimi?" Bafillacen ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi, kowa ya kwashe da dariya, aka yi tayi, aka sallama, aka ci goro. Wani yaronmu Bahaushe da ke koyon dillanci yana tsaye yana kallo, ya ɗauka ai wannan ita ce dabarar sana'a. Mako na zagayowa wani dattijo Balaraben Shuwa ya tsallako daga Cadi da shanu wajen 30, da 'ya'yansa biyu a bayansa. Yaron nan ya tare shi da kalmomin nan sak. Dattijon bai ce uffan ba. Ya dube shi, ya juya ya ce wa 'ya'yansa su kora. Muka bi shi da ban haƙuri, ya ce, "Ba komai, Alhaji, Allah Ya ba mu alheri." Daga ranar bai sake sauka a hannunmu ba, shi da danginsa kaf, kuma mutane ne masu kawo garke biyu ko uku kowace kaka. Ku lissafa la'adar da ta tafi. Magana zarar bunu ce.

To allon talla ya fi bakin yaron nan haɗari, don shi ba ya zaɓen wanda zai faɗa wa. A hanyar Maga zuwa Marwa, Bamusge zai wuce ya gani, da Kotoko, da Masa, da Shuwa, da Bafillace, da ma'aikacin gwamnati ɗan kudu mai jin Faransanci kaɗai. Kuma wanda aka zana ba shi da bakin ramawa. Mun san wani mai shagon kosam a Garwa da ya sa aka zana masa Bafillata da haƙora waje, tana bin mota a guje nono yana zuba. 'Yan birni sun yi dariya. Matan da ke kawo masa nono da safe suka gani, ba su yi masa faɗa ba, fillanci ya hana, sai dai ɗaya bayan ɗaya suka canza hanya. Ƙarshenta da garin madara yake haɗa kosam ɗinsa. Yarinyar Amul ba haka take ba: ba ta wakiltar wata ƙabila, kuma ba da masu tatsa take ba da dariya ba, su ne ma iyayen gidanta.

Akwai dariyar da ke tafiya ko'ina. Kowa a Kamaru ya san cukun nan na La Vache qui rit, mai jar saniya da 'yan kunne tana dariya, wanda kamfanin Bel na Faransa ya soma a 1921. Ba a zagi kowa ba, ba a buƙatar fassara, yaro a Yagwa da yaro a Paris duk sun gane. Iyakar abin da makiyayinmu zai ce shi ne bai taɓa ganin saniya da 'yan kunne ba, ya yi murmushi ya wuce.

ABOKIN GABARMU NA GASKIYA

Kada mu shagala da Indiya mu manta da abin da ke kan teburin mai shayi a tashar Maga. Abin da ke gasa da ƙwaryar Bafillata shi ne gwangwani da 'yar leda: Nido, Peak wadda take kasuwar Nijeriya tun 1954, da Cowbell wadda ta shigo a 1993 da ƙananan ƙulli da talaka zai iya saya. Tun da Tarayyar Turai ta cire ƙayyade yawan madarar da manomanta za su tatsa a 2015, wani irin gari ya yawaita a Afirka, wanda aka cire masa man shanunsa aka maye da man ja da aka tace, ya fi araha nesa ba kusa ba. Saboda shi ne ƙungiyoyin makiyaya na Afirka ta Yamma suka soma yekuwar a sha nonon gida a 2018.

Mu fatake mun taɓa ɗanɗana irin wannan. Manyanmu suna tuna ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da daskararren naman Turai mai rangwame ya cika biranen bakin teku, shanun arewa suka rasa daraja. Sai da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 kayan waje suka yi tsada, kasuwarmu ta farfaɗo. Haka masu kiwon kaji a nan Kamaru suka yi ta fama da daskararrun kajin waje, har ƙungiyar ACDIC ta marigayi Bernard Njonga ta tsaya tsayin daka aka taƙaita shigo da su a tsakiyar shekarun 2000.

Wani zai ce, mu da muke sayen bijimai, ina ruwanmu da nono? Ruwanmu babba ne. Kuɗin nono shi ke riƙe ruga kullum: hatsi, gishiri, kanwa, sabulu, magani. In nono bai da kasuwa, maigida zai fito da karsana ya sayar don cefane. Bana mu saya da araha mu yi murna, shekara uku masu zuwa mu nemi maraƙan da za ta haifa mu rasa. Wanda ya ci irin shuka ba ya jiran kaka.

Kuma Allah Ya ba mu abin da wasu ba su da shi. Tun da aka gina madatsar Maga a 1979 saboda shinkafar SEMRY muna da ruwa rani da damina, ko da yake ta rage ambaliyar da ke ciyar da yayre, har sai da aka buɗe wata mashiga a 1994 ciyawa ta ɗan dawo. Muna da dusar shinkafa da bambaro a ƙofar gida, da turton auduga na Sodecoton, da allurar rigakafi ta LANAVET a Garwa. Garkunan da ke sauka yayre bayan janyewar ruwa suna kusa da mu har faɗuwar damina. Marwa kimanin kilomita 80 ce. An kuma buɗe gadar Yagwa da Bongor a 2025. Shanunmu masu tozo ma, asalin kakanninsu daga yankin Indiya ne. Wasu 'yan Afirka sun riga sun gwada sayen nono daga makiyaya sun yi nasara, kamar Tiviski a Muritaniya tun 1989, da Laiterie du Berger a Richard-Toll ta Senegal.

ABIN DA MUKA TSINTA

Na ɗaya, a fara da mudu kafin allo. Ma'auni ɗaya ga kowa, da abin gwada ruwa a nono, da biya ranar da aka yi alkawari. Mace ɗaya da aka biya a kan kari za ta yi mana tallan da rediyo ba zai yi ba.

Na biyu, a yi maganin sanyi. A zafin Maris da Afrilu ɗanyar madara ba ta wuce 'yan awoyi. In ba mu da firji mai aiki da hasken rana, mu soma da kindirmo da man shanu, waɗanda suke jure hanya. Indiya ma mai ta fi fitarwa.

Na uku, a yi lissafin damina, lokacin da garkuna suke barin yayre kuma hanya take ɓaci. Kada mu yi wa mai kanti a Marwa alkawarin wata 12 alhali nonon wata 7 muke da tabbacinsa.

Na huɗu, nono na mata ne. Kuɗin ya shiga hannun wadda ta kawo ƙwarya, kuma a ba su kujera a kwamiti. A bar wa maraƙi rabonsa, don shi ne jarinmu na gobe.

Na biyar, in za a yi raha a talla, ta faɗa kan saniya, ko kan mu fatake da kanmu, ko kan mai shayin da ya rasa nono. Ban da ƙabila, ban da mace, ban da addini, ban da siyasa, ban da sarauta. Tun muna Islamiyya malamai suka hore mu da barin izgili da laƙabin banza, kuma ga shi kasuwa ma ta tabbatar.

Na shida, kada a fassara barkwanci. Na Fulatanci a nemi Bafillace ya tsara, na Larabcin Shuwa a nemi Bashuwa, na Musgun haka, na Faransanci haka. Kafin a buga, a karanta wa dattawa uku na kowace al'umma, maza da mata. In ɗaya ya sunkuyar da kai bai yi magana ba, to a jefar da shi, shirun nan amsa ce.

Na bakwai, kada a yi ƙarya ko da wasa. In mun rubuta nonon saniya zalla, ya zama zalla. Ranar da aka gane mun haɗa da gari, sunan ƙungiya ne ya zube, har a kara.

Muna roƙon wakilan Bogo da Girbidik da Mulfudai da Pus, kowa ya zauna da mutanensa kafin zama mai zuwa, ya zo mana da amsar abubuwa uku: ruga nawa ke kusa da shi da rani, lita nawa za su iya kawowa kullum, kuma nawa matan suke sayar da ƙwarya yanzu. Shi kuma saurayinmu da ya kawo shawarar zane, mun gode masa, don shi ya sa muka yi wannan bincike. Mun ɗora masa aikin zagaya shagunan kosam na Marwa ya rubuto mana farashinsu, da waɗanda suke amfani da gari da waɗanda suke sayen na ruga. Maganar allo kuwa, shawararmu a ajiye ta sai mun cika shekara guda muna biyan mata ba fashi.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana dabbobinmu da hanyoyinmu, Ya kiyaye harsunanmu.